Kama da Wane Ba Ta Wane: Tarihin Yadda Kayan Kwamfuta Suka Fara Shiga da Juna

 Waɗanda data ba ta bari sun saurara ba, ga shi nan a rubuce kamar yadda muka saba.

Yau maganar sayen kwamfuta za mu yi, amma ta ƙofar tarihi za mu shiga. Tun ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen kula da Windows 10, in ban da waɗanda suka shiga tsarin ƙarin wa'adi. Wannan ya sa ɗalibai da masu shagon buga takardu da ƙananan ofisoshi da yawa suna lissafin ko dai su canza kwamfuta, ko su ƙara wa tsohuwar kaya. Kuɗin ba kaɗan ba ne, kuma kun san halin kasuwa, in ka biya ka fita da kaya, dawo da shi sai an kai ruwa rana.

To ga tambayar. Me ya sa RAM ɗin da Samsung ya ƙera yake shiga kwamfutar HP ya yi aiki lafiya lau, amma wani RAM ɗin mai kama da shi sak ya ƙi shiga? Wa ya yanke wannan hukuncin? Amsar tana cikin wata rigima da kamfanoni suka yi shekara arba'in da wani abu da suka wuce. Wanda ya san rigimar zai san inda aka yi yarjejeniya da inda ba a yi ba, kuma wurin da ba a yi ba ɗin nan ne kuɗin mutane ke ƙonewa.

Mu koma 1977. A shekarar ne ƙananan kwamfutoci uku suka fito a Amurka: Apple II da Commodore PET da TRS-80. Kowacce duniyarta daban. Manhajar wannan ba ta aiki a waccan, kayan waccan ba sa shiga wannan. In ka sayi ta kamfani ɗaya, to ka yi aure ke nan, komai sai dai ka koma wurinsu.

A lokacin, IBM shi ne giwar harkar. Manyan kwamfutocin bankuna da na gwamnati yake yi, masu cika ɗaki, kuma al'adarsa ita ce kusan komai a cikin gida yake ƙerawa, ya ɗauki shekaru yana gwaji. Da ya ga ƙananan kwamfutoci suna neman cinye kasuwa, a 1980 ya ware wata 'yar tawaga ta injiniyoyi kusan goma sha biyu a garin Boca Raton na jihar Fulorida, aka ba su shekara ɗaya tak. Mutumin da ya ja ragamar aikin har ƙarshe sunansa Don Estridge.

Shekara ɗaya ba ta isa a ƙera komai daga tushe ba, sai suka shiga kasuwa sayayya. Ƙwaƙwalwar kwamfutar, wato furosesa, suka sayo daga Intel, samfurin 8088. Na'urar buga takarda ta Epson ce aka manna mata sunan IBM. Babbar manhajar da ke tafiyar da ita kuma daga Microsoft, wanda shi ma sayo ta ya yi daga wani ƙaramin kamfani a Siyatil. Ranar 12 ga Agustan 1981 aka ƙaddamar da IBM PC, farashinta ya fara daga dala 1,565, da RAM kilobayit 16. Hoto ɗaya na wayarku ya ninka wannan sau ɗari ko fiye.

Abubuwa uku suka faru a wannan gaggawar waɗanda har yau muna cin moriyarsu. Na farko, an bar gurabe biyar a jikin babban allon kwamfutar, wanda masu gyara ke ce wa bod, domin a riƙa soka ƙarin kati, sannan IBM ya buga littafi ya bayyana zanen komai don wasu kamfanoni su ƙera katunan. Na biyu, Microsoft bai sayar wa IBM manhajar kacokan ba, ya riƙe 'yancin sayar wa duk wanda ya zo. Na uku, IBM ba ya son dogaro da mai kawo kaya ɗaya, wannan ya sa Intel ya ƙulla yarjejeniya da AMD a 1982 domin shi ma ya riƙa ƙera irin furosesar. Kishiyoyin nan biyu da kuke gani yau, daga nan suka samo asali.

Kun ga ke nan kowa zai iya zuwa kasuwa ya sayi irin kayan da IBM ya saya. Abu ɗaya ne ya rage nasa na kansa, wata 'yar manhaja da ke zaune a jikin bod mai suna BIOS, wadda ita ke tashin kwamfuta ta haɗa kayan da babbar manhaja. IBM ya buga rubutun BIOS ɗin a littafin, amma da haƙƙin mallaka a kansa. Duk wanda ya kwafa, kotu. Kuma an yi hakan, domin kamfanoni irin su Eagle da Corona sun sha matsin lauyoyin IBM har suka janye.

A watan Fabrairun 1982 wasu mutum uku da suka bar aiki a Texas Instruments, Rod Canion da Jim Harris da Bill Murto, suka kafa Compaq a birnin Hustan. Dabarar da suka yi ita ce, suka sa injiniyoyin da ba su taɓa ganin rubutun IBM ba su rubuta sabon BIOS daga farko, wanda duk tambayar da manhaja ta yi masa zai ba da irin amsar da na IBM zai bayar. Kamar a ba mai girki ɗanɗanon miya ne ba tare da an faɗa mata kayan haɗin ba, ta yi ta gwadawa har ta fito da irinta. Ba a kwafi komai ba, don haka kotu ba ta da abin kamawa. A 1983 Compaq Portable ta shiga kasuwa, nauyinta kusan kilo 13, kamar keken ɗinki a akwati, kuma a shekarar farko kamfanin ya yi cinikin dala miliyan 111. A 1984 wani kamfani mai suna Phoenix ya yi nasa BIOS ɗin ta irin wannan hanyar, ya fara sayar wa kowa. Daga nan ƙofa ta buɗe, masana'antun Taiwan da sauran wurare suka shigo da ƙarfinsu.

Akwai darasin da ya kamata mu tsaya a kai a nan. A waɗannan shekarun an yi wasu kwamfutoci irin su DEC Rainbow da Tandy 2000. Suna amfani da furosesar Intel, suna amfani da manhajar Microsoft, wasunsu ma sun fi ta IBM ƙarfi. Amma ba su dace da ita ɗari bisa ɗari ba. Mutum zai sayo manhajar lissafi ta Lotus 1-2-3 da aka yi wa IBM, ya saka, ta ƙi tashi. Masu saye suka koyi zuwa shago da faifan Lotus ko na wasan tuƙin jirgi na Flight Simulator a aljihu, a gwada a gabansu kafin su biya. Kwamfutocin da suka faɗi wannan jarrabawar duk sun mutu. Kama da wane ba ta wane.

A watan Satumban 1986 Compaq ya riga IBM fitar da kwamfuta mai sabuwar furosesar Intel 386. Mai kwaikwayo ya wuce malaminsa. IBM ya ga gidan da ya gina ya cika da 'yan haya da ba sa biyan ko sisi, sai ya yi niyyar canza makulli. A watan Afrilun 1987 ya fito da jerin kwamfutocin PS/2 masu sabon gurbin kati mai suna Micro Channel. Ta fuskar fasaha ya fi tsohon kyau, ba musu. Matsalar ita ce tsofaffin katunan da mutane suka riga suka saya ba sa shiga, kuma duk kamfanin da ke son amfani da shi sai ya biya IBM kaso daga cinikinsa.

A watan Satumban 1988 kamfanoni tara suka haɗa kai, Compaq da HP da Epson da NEC da Olivetti da AST da Tandy da Wyse da Zenith, suka fito da nasu gurbin mai suna EISA, wanda ke karɓar sababbin kati da tsofaffi duka. Masu saye suka bi inda kayansu na da ba za su zama shara ba. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Micro Channel ya yi ta ja da baya har ya ɓace, kuma IBM bai ƙara riƙe ragamar kasuwar ba, har a 2005 ya kammala sayar da sashen kwamfutocinsa ga Lenovo na ƙasar Sin. ThinkPad ɗin da kuke gani a kasuwa, gadon IBM ne. PS/2 ma ta bar mana tsaraba: zagayayyun ramukan kibod da linzami na bayan tsofaffin kwamfutoci, da shuɗin bakin nan na VGA mai ƙafa 15 da har yau ake jona majigi da shi.

Da IBM ya sauka daga kujerar, Intel da ƙungiyoyin haɗin gwiwar kamfanoni suka karɓi aikin tsara ma'auni. Gurbin PCI ya zo a 1992, USB a 1996, PCI Express da SATA a 2003. Wanda ya fi shafar mai haɗa kwamfutar tebur shi ne ATX na 1995. Shi ya ƙayyade girman bod, milimita 305 da 244, da inda ramukan noti za su zauna, da siffar bakin wayar wuta. Daga baya aka yi microATX mai 244 da 244, sai Mini-ITX mai 170 da 170 a 2001. Ƙaramin bod yana zama a babban akwati, babba ba ya zama a ƙarami. Kafin ATX, wayar wutar bod biyu ce masu kama da juna, kuma dokar da kowane mai gyara ya haddace ita ce baƙaƙen wayoyi su haɗu a tsakiya. In ka juya su, bod ya ƙone. ATX ya mayar da su baki ɗaya wanda ba ya shiga sai ta fuska ɗaya.

To yanzu mu zo inda yarjejeniyar ta tsaya, don nan ne aljihunku yake.

Wuri na farko, mazaunin furosesa, wato soket. A tsakiyar shekarun 1990 akwai Socket 7, wanda furosesar Intel da ta AMD da ta Cyrix duk suna zama a kansa. A 1997 Intel ya koma wani mazaunin nasa na kansa, AMD ma ya yi nasa a 1999, kuma tun daga nan ba su ƙara haɗa mazauni ba. Bod ɗin Intel na Intel ne, na AMD na AMD ne. A cikin gida ɗaya ma akwai tarko. Soket ɗin Intel mai suna LGA1151 ya ɗauki zubi na 6 da na 7, sannan zubi na 8 da na 9 suka zo da soket mai wannan sunan da wannan adadin ƙafafun. Furosesar za ta zauna daram, ka rufe, ka kunna, shiru. Sai bod mai lamba ɗari uku da wani abu, irin su H310 ko B360, ke tashin zubi na 8 da na 9. Shi kuwa AMD ya riƙe soket ɗin AM4 tun 2016 na tsawon shekaru, amma tsohon bod ba zai gane sabuwar Ryzen ba sai an sabunta masa BIOS. Don haka sunan soket kaɗai bai isa ba. A nemi lambar bod ɗin, a duba jerin furosesocin da kamfanin ya ce yana ɗauka.

Wuri na biyu, RAM. Wata ƙungiya mai suna JEDEC ce ke tsara ma'auninsa, shi ya sa na Samsung da na Kingston da na Hynix ke musanya. Amma kowane zubi daban yake. DDR2 da DDR3 na kwamfutar tebur duk ƙafa 240 gare su, DDR4 da DDR5 duk 288, sai dai wutar da suke sha ta bambanta: bolt 1.8, da 1.5, da 1.2, da 1.1. Saboda haka aka yi wa kowanne 'yar tsaga a wuri daban, don kada ya shiga gurbin da ba nasa ba. Darasin baƙaƙen wayoyin nan ne aka koya. In RAM ya ƙi shiga, kada a danna da ƙarfi, tsagar tana ceton bod ɗinku ne. RAM ɗin laftof gajere ne, ba ya shiga ta tebur. Sannan masu tsofaffin laftof su lura da harafin L. DDR3L bolt 1.35 yake sha, kuma yawancin laftof ɗin zubi na 4 da na 5 shi suke buƙata, duk da cewa DDR3 na yau da kullum zai shige gurbin ba gardama. Bod ɗin Intel na zubi na 12 zuwa 14 kuma iri biyu ne, wani DDR4 wani DDR5, ba mai ɗaukar duka biyun a gurbi ɗaya. AM5 na AMD da ya fito a 2022 kuwa DDR5 kawai ya sani.

Wuri na uku, ma'ajiyar bayanai. Siririn SSD ɗin nan mai kama da cingam, M.2 ake ce masa, amma sunan siffa ne kawai. A ciki akwai mai magana da yaren SATA, akwai mai yaren NVMe. Wani gurbin yana jin duka biyun, wani ɗaya kawai. Lambar 2280 da ke jikinsa kuma tana nufin faɗin milimita 22 da tsawon 80, kuma akwai laftof ɗin da sai gajere 2242 ko 2230 ke shiga.

Wuri na huɗu, wuta. A zamanin Pentium II da III, Dell ya yi wasu kwamfutoci masu bakin wuta iri ɗaya da na ATX a ido, amma an sauya jerin wayoyin. Mutum zai sayo akwatin wuta na gama-gari, ya shige daidai, ya kunna, kaya su ƙone. Har yau yawancin kwamfutocin ofis na Dell da HP da Lenovo, irin waɗanda ke cika kasuwar tokumbo, bod ɗinsu da akwatin wutarsu na gida ne, ba ATX ba. Suna da ƙarko da araha, suna karɓar ƙarin RAM da SSD, amma wanda ke mafarkin saka babban katin hoto don wasa ko tace bidiyo ya sani cewa siririn akwatin ba zai ɗauka ba, wutar ma ba za ta isa ba. Sannan in tsohuwar kwamfutar tebur ce daga Amurka, a leƙa bayanta. In akwai wani ɗan jan makunni mai 115 da 230, a tabbatar yana kan 230 kafin a jona, domin wutarmu a Najeriya da Nijar ta kusan 230 ce. Caja ma haka. Akwai ta HP da ta Dell masu baki iri ɗaya, amma siririyar allurar tsakiya saƙo daban take kaiwa, shi ya sa laftof ɗin Dell kan kunnu da baƙuwar caja amma ta ƙi cika batir.

Ita laftof daman ba ta taɓa samun irin yarjejeniyar ATX ba. Bod da batir da kibod kowane samfuri da nasa. RAM da ma'ajiya ne kawai ake iya canzawa, su ma ana ta rufe ƙofar. MacBook Air ta 2008 ta zo da RAM a like jikin bod, kuma daga M1 na 2020 Apple ya haɗe RAM ɗin da furosesa wuri guda. Siraran laftof na sauran kamfanoni da yawa sun bi sahu. In ka sayi mai gigabayit 4 a like ba gurbin ƙari, to da 4 ɗin za ku rabu. Abin da IBM ya gaza yi da Micro Channel, ana yin sa yanzu da dalma.

Mu dawo kan Windows 11 da ta fito ranar 5 ga Oktoban 2021. Sharuɗɗanta sun haɗa da wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0, da furosesar Intel daga zubi na 8 zuwa sama, ko Ryzen daga jerin 2000, in ban da 'yan tsiraru. Don haka in kun shiga Farm Centre a Kano, ko Banex a Abuja, ko Computer Village a Ikeja, kada kalmar Core i7 ta ruɗe ku. A karanta lambar da ke bayanta. i7-4600U zubi na 4 ce, ta 2013, ƙwaƙwalwa biyu gare ta. i5-8250U zubi na 8 ce, tana da huɗu, ta fi waccan gudu kuma Windows 11 ta amince da ita. Ana iya yi wa tsohuwa dabara a cusa mata Windows 11, kuma za ku ga irinsu a kan teburin masu sayarwa, amma Microsoft bai yi alkawarin ci gaba da tura mata gyara ba. Ganin Windows 11 a sikirin ba hujja ba ce.

Ku yi irin abin da masu faifan Lotus suka yi. A kunna kwamfutar a gabanku. A danna maɓallin Windows da R, a rubuta msinfo32 a ga cikakken sunan furosesa da samfurin kwamfutar, a sake rubuta tpm.msc a ga ko 2.0 ne. A buɗe Task Manager a ga gurbin RAM nawa ne kuma nawa ke ciki. In ƙari za ku saya, ku tafi da kwamfutar ko da tsohon RAM ɗin, a saka a gwada kafin kuɗi ya bar hannu. Mai haɗa ta tebur daga farko kuma ya bi jeri: aikin da zai yi ya zaɓa masa furosesa, furosesa ta zaɓi bod, bod ya zaɓi RAM da akwati, sannan a lissafa wutar da duka za su sha a sayi akwatin wuta mai rara. Wanda kuma tsohuwarsa ke aiki lafiya kuma aljihu bai ba da dama ba, SSD da ƙarin RAM da manhajar Linux za su iya ƙara mata shekaru.

Shi Don Estridge bai ga ƙarshen wannan labarin ba, ya rasu a haɗarin jirgin sama a Dalas ranar 2 ga Agustan 1985. Compaq ma HP ya haɗiye shi a 2002. Amma rigimar da suka fara ba ta ƙare ba. Tarayyar Turai ta tilasta wa masu ƙera wayoyi amfani da bakin caja na USB-C daga ƙarshen Disamban 2024, ta kuma sa wa laftof wa'adin Afrilun 2026. Abin da kasuwa ta ƙwata da kanta a 1988, yanzu sai da doka.

A nan za mu dakata. Wanda ya san ɗan'uwa ko aboki da ke shirin sayen kwamfuta, ya tura masa wannan kafin ya shiga kasuwa. Allah Ya sa mu saya a sa'a, Ya tsare mu daga asara. Sai mun haɗu a shiri na gaba, mu kasance lafiya.